Yadda Ake Gano Abin da Ya Kashe Malejin Mota

Ka je tasha nan Katsina ka leƙa gaban motocin da ke lodin Daura ko Jibiya, za ka tarar da yawansu allurar maleji na kwance a kan sifili, ta shekara ba ta motsa ba. In ka yi wa direba magana sai ya ce ai shi da kunne yake jin gudun motarsa. Kunne kuwa sabo yake yi. Wanda ya yi rabin awa yana zuba 120, in ya sassauta zuwa 80 ji yake kamar rarrafe yake, kuma da wannan 80 ɗin zai kutsa cikin Mashi ranar kasuwa, ga yara ga dabbobi. Shi ya sa duk yaron da aka kawo mani koyon wayarin, aikin maleji na cikin abin da nake fara ɗora shi a kai.

Aikin ba shi da wuya in an bi shi daki-daki. Abin da ke ɓata shi gaggawar sayen kaya: a sayo sensa ba ta tashi ba, a sayo agogon dashbod ba ta tashi ba, can daga baya a gano ɓera ne ya ci waya ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki. Labarin gudu daga taya yake tashi, ya bi hanyarsa har ya iso allura, kuma aikinka shi ne ka bi sawunsa ka gano inda ya yanke. Kafin ka gano wurin, kada ka sa mai mota ya fitar da ko kwabo.

Kayan da za ka tanada

- Mita mai auna wuta, wadda ke da DC da AC da om, wato awon yadda waya ke barin wuta ta wuce. In babu, fitilar gwaji za ta nuna maka ko wuta na zuwa, amma kada ka soka ta a wayar sigina, wato mai ɗauko labarin gudu daga sensa, tana iya ƙona birenbos, kwamfutar da ke sarrafa inji.
- Sikana, wadda muke ce wa kwamfuta. Ko 'yar ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth ta isa yawancin aikin, sai dai ba kowace ke shiga ɓangaren ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi.
- Wayar hannu mai manhajar auna gudu ta GPS.
- Jak, da ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari da za ka tokare motar, da duwatsu na tare taya.
- Sifana mai lamba 10 da 12, sukudireba mai baki da mai tauraro, filaya, tocila.
- Allurar ɗinki ko fil guda biyu, don leƙa wuta ta bayan soket ba tare da ka fere waya ba.
- Ƙarfen dalma da dalmarsa, salatif mai kyau, giris mara kauri, tsumma, da feshin wanke soket. In babu feshin, ɗan fetur a tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar.
- Injin huda mai batir, in mota mai kebul ce.
- Mutum na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan aikin dole wani ya juya taya kai kana kallon mita.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Maleji iri uku ne a motocin da ke yawo a titunanmu.

Na farko mai kebul, irin na Peugeot 504 da Golf 2. Wani ɗan giya na roba a cikin giyabos yana juya kebul, kebul ɗin ya hau har bayan agogo ya juya mayen ƙarfe. Kusa da mayen akwai ɗan kofi na gorar ruwa wanda ba su taɓa juna, amma juyin mayen yana jan sa. Allura a jikin kofin take, sannan akwai siririn sifirin kamar gashi da ke riƙe ta baya. Gudu ya ƙaru, ja ya ƙaru, allura ta hau. Wani injiniya Bajamushe, Otto Schulze, ya yi wa wannan fasaha rajista a 1902, kuma har yau da ita wasu motocin ƙauyukanmu ke aiki.

Na biyu mai sensa a jikin giyabos, kamar Golf 3 da Honda Accord na shekarun 1990. Sensa tana aika bugun wuta ta waya, kunna kashe kunna kashe, agogo ya ƙirga yawan bugun ya motsa allura da wani ɗan ƙaramin moto.

Na uku ba shi da sensar maleji ko kaɗan. Sensocin ABS da ke ƙafafuwa huɗu su ke ƙirga juyin taya, akwatin ABS ya haɗa lissafi ya aika wa agogo da birenbos. Yawancin motocin baya-bayan nan haka suke, kuma nan ne kanikawa suka fi ɓata lokaci suna laluben sensar da kamfani bai sa ba.

1. Fara da tambaya da kallo

Kafin ka ɗauki sifana, ka tambayi mai mota: "Alhaji, yaushe ta daina? Wane aiki aka yi wa motar kafin nan?" Rabin ciwon a amsar yake. An wanke inji da ruwa mai ƙarfi? An canza shaf ko boris? An sauke giyabos don kulochi? An yi walda ba a cire batir ba? An sa rediyo ko na'urar bin sawu? An canza taya? Maleji da ya mutu ranar da aka yi wani aiki, a wurin aikin nan za ka same shi.

Sai ka tada mota ku ɗan zaga, kana lura:

- Duk allurai sun mutu, har gejin mai da na zafi: matsalar wuta ce, je mataki na 2.
- Allurar gudu ta mutu amma lambobin kilomita na ƙaruwa: labarin gudu yana isowa ke nan, ciwon na cikin agogo, tsallaka zuwa mataki na 8.
- Allura da lambobi duka sun tsaya, sauran gejoji na aiki: kebul ne, ko sensa, ko waya.
- Allura na rawa ko tsalle: kebul ya bushe ko ya karye ciki, ko soket ya saki.
- Fitilar ABS ta kama tare da mutuwar maleji: mataki na 6.
- Tana aiki amma ƙarya take: mataki na 9.

In motar otomatik ce, ka saurari yadda take canza giya. In tana fizga, ko ta maƙale a giya ɗaya, ko fitilar D4 na ƙyaftawa a Honda, ko O/D OFF a Toyota, to giyabos ɗin ma ya rasa labarin gudu. Na sha ganin an sauke lafiyayyen giyabos an sayo na Kwatano saboda wannan alamar, alhali sensa ce kaɗai. Irin wannan asarar tana ƙona mani rai, domin kuɗin giyabos guda ya isa jarin wani.

2. Fiyus, batir da at

Buɗe akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari. A Toyota ka nemi mai suna GAUGE, a wasu motocin METER. Kada ka yarda da ido, ka auna ƙafafunsa biyu da makulli a kunne, dole wuta ta bayyana a duka biyun. In ya ƙone ka sa mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa bodi, sai an nemo ta. Kada ka kuskura ka naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadin fiyus, haka motoci ke kamawa da wuta.

Auna batir: mota a kashe wajen bolt 12.4 zuwa 12.6, a kunne 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, altaneta na cika caji, kuma yana iya ƙona agogon da ka sa. Gyara shi tukuna. A nan zan ja kunnenka kan wata mummunar al'ada: cire kan batir mota na aiki don a gwada altaneta. A 504 an yi an kwana lafiya, amma a motar zamani wutar da ke tashi a wannan daƙiƙa tana iya kashe agogo da birenbos tare.

Sannan wayar at, wadda ke haɗa batir da bodi da inji. In ka kunna fitila ko sigina ka ga allurai na motsi da kansu, at ne ya yi tsatsa. Kwance, kankare har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure.

3. In mai kebul ce

Leƙa jikin giyabos. In ka ga baƙar igiya mai kaurin yatsa ta fito ta nufi cikin mota, ita ce.

Kwance ta daga giyabos. A ciki za ka ga siririn ƙarfe mai kai kusurwa huɗu. Ɗan ja shi a hankali. In ya zaro guntu a hannunka, ya tsinke, sai sabo. In bai zaro ba, ka maƙala kan a bakin injin huda ka juya, mutuminka na kallon allura. Yawancinsu da juyin baya suke tashi, don haka ka gwada ɓangare biyun kafin ka yanke hukunci. In babu injin huda, murza shi da yatsu da ƙarfi kamar mai kaɗa mazari, allura za ta ɗan zabura.

In allura ta tashi, kebul da agogo lafiya lau, ciwon yana ɗan giyan roba na cikin giyabos. Cire noti ɗaya da ke riƙe gidansa ka zaro, za ka ga haƙoran sun cinye, ko ramin kusurwa huɗun ya zama zagaye. Ka ƙirga haƙoransa kafin ka tafi kasuwa, ka tafi da tsohon a hannu. Mai bambancin haƙori ɗaya zai shiga ya zauna daram, amma maleji ba zai ƙara faɗin gaskiya ba.

In allura ba ta tashi ba, cire kebul daga bayan agogo, a sake juyawa daga ƙasa. Kan sama na juyawa, agogo ne. Ba ya juyawa, kebul ne.

Ga mai rawa da kuka kuma, zare ƙarfen cikin gaba ɗaya, ka wanke da fetur. Riƙe bakinsa biyu ya lanƙwasa kamar baka, ka murza a hankali. Lafiyayye sumul zai juya, wanda ya taɓa karyewa zai riƙa tsalle. In lafiyayye ne, shafa giris kaɗan a kashi biyu cikin uku na ƙasa, ka bar na sama a bushe. Masu koyo kan cika shi da giris har wuya, juyi ya tura giris cikin agogo, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama ƙullu, allura ta riƙa nauyi ko ta maƙale. Wajen mayarwa kada ka lanƙwasa kebul da tsanani, kuma ka nisanta shi da salansa.

4. In mai wuta ce, sa kwamfuta ta raba maka gardama

Wannan matakin ya fi kowanne rage wahala. Soket ɗin kwamfuta mai ramuka 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur daga 2001.

Karanta lambobin laifi tukuna, ka rubuta su kafin ka goge. P0500 na nufin birenbos ba ya samun labarin gudu. P0501 labarin na zuwa amma bai yi daidai ba, P0503 yana zuwa yana yankewa. P0720 sensar fitar gudu ce ta giyabos otomatik. Masu farawa da C yawanci na ƙafafuwa ne da ABS. U0121 an daina jin akwatin ABS, U0155 an daina jin agogon dashbod. Ka riƙe wannan da kyau: lamba tana nuna maka layin da ke ciwo, ba ta ce sensa ta mutu ba. P0500 zai fito ko da waya ce ta tsinke.

Sai ka shiga wajen da sikana ke nuna abin da ke gudana kai tsaye, ka zaɓi gudun mota, wani ya tuƙa kai kana kallo. In sikana na nuna 40, 50, 60 allura na kwance, sensa lafiyarta ƙalau, ka koma wajen agogo da wayarsa. In sikana ma sifili take nunawa, ka sauka ƙasa wajen sensa. Akwai togiya ɗaya: a wasu tsofaffin Toyota sigina yana fara shiga agogo, daga nan agogo ya miƙa wa birenbos. A irinsu mataccen agogo zai sa sikana ta nuna sifili ita ma, don haka sai ka tabbatar da mita.

In ba ka da sikana ba komai, matakan gaba da mita ake yin su, lokaci ne kawai za su ƙara ci.

5. Gwada sensar giyabos

Tana saman giyabos ko kusa da inda shaf ke fita. Cire soket ka haska tocila. In ka ga kore-kore, ko ruwa, ko baƙin mai, ka wanke ka matse bakin ƙarafan, ka mayar ka gwada. Bayan damina da bayan wankin inji, da yawa a nan suke warkewa.

In mai waya uku ce, ɗaya wuta, ɗaya at, ɗaya sigina. Kunna makulli ba tare da ka tada inji ba. Mita a DC, baƙin tsinke a bodi, ka taɓa ramukan soket ɗin da ya fito daga mota. Ɗaya zai ba ka bolt 12, a wasu motocin 5. Wayar sigina kan nuna wajen 5 ko fiye. Na at kuma ka tabbatar da shi ta hanyar sa jan tsinke a kan batir, baƙin a ramin, ya nuna cikakken batir. In babu wuta ko babu at, sensa ba ta da laifi, waya za ka bi.

In duka suna nan, mayar da soket, ka soka allurar ɗinki ta baya ta taɓa ƙarfen sigina. Ja birkin hannu, tare tayoyin baya da duwatsu, ɗaga ɗaya daga cikin ƙafafun gaba, ka tokare da ƙafar ƙarfe. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, balle a kan rairayin garejinmu, ka sa katako mai faɗi ƙarƙashinsa. Giya a firi, inji a kashe, makulli a kunne. Mutuminka ya juya taya sannu a hankali. Mita za ta riƙa sauka kusa da sifili ta hau 5 ko kusa da 12, ta sake sauka. In tana haka, sensa na da rai. In ta tsaya cik a lamba ɗaya, zaro sensar. In mai ɗan giya ce a gindi, duba haƙoran, sannan ka juya shi da yatsa soket na haɗe. Ta buga a hannu amma ba ta buga a giyabos ba, giyan ne ya cinye. Ba ta buga ko a hannu ba, yanzu kam ka sayi sensa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne juya taya da sauri. Mita ba ta iya bin saurin, sai ta tsaya a tsakiya, wajen 2.5, mai koyo ya ce ta mutu.

In mai waya biyu ce ta giyabos, ita ke haifar da wutarta da kanta. Cire soket ka auna om tsakanin ƙafafunta. Lafiyayya kan ba da daga ɗaruruwa zuwa wajen dubu biyu, ya danganta da mota. Sifili ko rashin motsin mita gaba ɗaya, ta mutu. Sai ka juya mita zuwa AC, a juya taya da ƙarfi wannan karon, ka ga 'yar wuta na tashi tana ƙaruwa da gudu. Bakinta maye ne, yana tara garin ƙarfe, ka goge shi. In garin ya yi yawa ka gaya wa mai mota, giyabos na cin kansa.

Wajen saye, araha ba ta ado. Na fi yarda da tsohuwar asali da aka ciro daga motar Beljiyam a kan sabuwa mai kwali mara suna. In ba a samu nan gari ba, a kan samu a Kofar Ruwa a Kano. Ka gwada ta da mita kafin ka ɗaura.

Motocin da aka canza wa inji da giyabos na wani kamfani labarinsu daban. Yawan bugun da sabuwar sensa ke bayarwa ba lalle ya zo ɗaya da wanda agogo ya sani ba. Ka faɗa wa mai ita gaskiya tun farko cewa sai an sa na'urar daidaita bugu ko agogon da ya dace.

6. In daga ABS take sha

Da sikana mai shiga ABS, ka buɗe gudun ƙafafuwa huɗu a tuƙa. Ƙafar da ke nuna sifili ko take tsalle ita ce mara lafiya. Cire tayar ka bi wayar sensa daga bayan diski zuwa cikin bodi. Wurin da take lanƙwasa in an karya sitiyari, nan take tsinkewa ta ciki alhali robar waje lafiya.

Abu uku na fi tararwa. Na ɗaya, an canza kan shaf an sa wanda ba shi da zoben haƙora, ko mai adadin haƙora daban. Na biyu, an buga boris a juye. Boris na zamani gefensa ɗaya yana da maye a cikin robarsa, kuma wannan gefen ne dole ya fuskanci sensa. Kafin a buga, ka kusanta fil ko ƙaramar allura, gefen da ya ɗan kama shi ne. In an riga an buga a juye, wajen fitarwa yakan lalace, sai wani. Na uku, wanda ya fi ba ni takaici, an "kashe ABS": bakanike ya ga birki na kakkarwa, ya cire soket ɗin akwatin ko fiyus ɗinsa, wani ma har ya toshe fitilar gargaɗi da salatif. Ya kashe maleji, ya kuma raba motar da abin da ke hana taya kullewa ranar da aka taka birkin gaggawa. Ka kunna makulli ka duba: fitilar ABS dole ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. In ba ta kama ko kaɗan ba, an yi mata aika-aika.

Tsofaffin sensocin ƙafa ana auna su da om, ka kwatanta hagu da dama, su zo kusa da juna. Na zamani su ma waya biyu gare su amma daga akwati suke karɓar wuta, awon om ba ya faɗin komai a kansu. In kana shakka, ka musanya ta hagu da ta dama in suna shiga, ka ga ko lambar laifi ta bi ta.

7. Bin waya

Sensa na bugawa, amma bugun bai iso ba. Zaro agogo, ka nemo wayar sigina a soket ɗinsa, yawanci launinta ɗaya da na ƙasa. Cire batir, ka auna om daga wannan baki zuwa wancan, kusa da sifili ya kamata. Mutuminka ya riƙa girgiza damin waya kana kallo. Ka kuma auna tsakanin wayar da bodi, kada a sami haɗi.

Ka fi zargin wuraren da hannu ya taɓa: bayan rediyo, inda aka sa na'urar bin sawu, da motocin haya masu na'urar taƙaita gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa a watan Fabrairu na 2017. Wasu masu sawa a wayar sigina suke datsa, su murɗa da hannu su naɗe da salatif, zafin Afrilu ya narkar da gam ɗin. Kada ka cire na'urar, gyara haɗin za ka yi da dalma. Motar da ta daɗe ajiye kusa da buhunan hatsi kuwa, ka nemi kashin ɓera a kan giyabos.

8. Agogon dashbod

In ka bugi saman dashbod da tafin hannu allura ta farka, dalma ce ta tsage a bayan allon. Rana ce ke jawo haka, mota ta wuni a buɗaɗɗen fili ta gasu, da dare ta huce. Cire batir ka jira 'yan mintuna saboda jakar iska, ka sauke sitiyari ƙasa in yana sauka, ka zaro agogo. Duba ƙafafun soket da na ɗan moton allura a wuri mai haske, za ka ga zobe siriri ya kewaye ƙafa. Sabunta dalmar da ƙaramin ƙarfe, ba irin na masu gyaran radiyeta ba.

In allura na kakkarwa, ko tana maƙalewa a wuri ɗaya, ko ba ta komawa sifili, ɗan moton ne, kuma ana canza shi shi kaɗai. Kafin ka cire allura ka ɗauki hotonta, ka sa alama inda take kwanciya. Da cokula biyu ake ɗaga ta, ɗaya kowane gefe, a miƙe. In ka murɗa ta, sandar ta karye.

In sai an canza agogon dungurungum, lambar da ke bayansa za ka bi, domin na fetur da na dizal, na otomatik da na hannu, fuskarsu na iya zama ɗaya cikinsu daban. A wasu Volkswagen irin Golf 4 sirrin makulli na cikin agogon, in ka sa wani motar za ta tashi ta mutu nan take sai an haɗa su da kwamfuta. Rubuta kilomitan tsohon agogo da ranar canji a takardun mota. Wanda ya zo maka da buƙatar a rage lambobi don zai sayar, ka ba shi haƙuri, ha'inci ne, kuma wanda ya saya zai tsallake lokacin canza bel ɗin inji bai sani ba.

9. Maleji mai aiki amma yana ƙarya

Ku fita hanyar Kano ko ta Daura inda titi ya miƙe, da safe kafin motoci su yi yawa. Direba ya riƙe 40 daram na ɗan lokaci, kai kana gefe da waya ka rubuta abin da GPS ya nuna. Haka a 60 da 80. Kada direba ya riƙe waya. In babu manhaja, a yi da agogon hannu tsakanin alamun kilomita biyu na bakin hanya inda suke: a 60 kilomita ɗaya daƙiƙa 60 ne, a 80 daƙiƙa 45. Raba 3600 da daƙiƙun da ka samu, amsar ita ce gudun gaskiya.

In allura ta ɗara GPS da 3 ko 5, ka bar ta, haka aka yi ta. Ƙa'idar Turai ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya, ta yarda ya ɗara har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Wanda ke nuna ƙasa da gaskiya shi ne abin tsoro.

Dubi yanayin kuskuren. In tazarar ɗaya ce a ko'ina, misali ƙarin 15 a 40 da ƙarin 15 a 80, allura ce aka dasa a karkace. In tazarar na girma tare da gudu, lissafi ne ya canza, kuma taya za ka fara dubawa. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san girmanta ba. Motar da kamfani ya ba 195/65R15, tsayin tayarta wajen milimita 635 ne. Mutanenmu na son ɗaga mota saboda ramuka da hanyoyin ƙauye, sai a sa 205/70R15 mai milimita 668. Bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari: inda a da take 100, yanzu tana 105 allura ba ta sani ba, kuma lambobin kilomita na ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. Girman da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tanki. In mai mota ya nace sai babbar taya, ka rubuta mashi bambancin a takarda ya liƙa kusa da sitiyari.

Saura abu ɗaya da ba lalacewa ba ne amma yana kashe mutane. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, manyan lambobinsu mil ne, za ka ga MPH a rubuce, kilomita su ne ƙananan na ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mani Camry yana cewa motar ba ta da ƙarfi, da ƙyar take kai 80, ga iyalinsa na ƙorafin yana gudu. Muka fita da GPS, 80 ɗinsa kilomita 129 ne. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, da wannan nake kai yara Daura duk Juma'a." Ƙa'idar hanya ga ƙananan motoci 50 ce cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A agogon mil, wajen 31 ke nan, da 50, da 62. Wasu masu allon lantarki ana juya su zuwa kilomita daga maɓallan sitiyari. Masu allura kuma, ka yanka siririn jan salatif ka liƙa a gilashin daidai kan 50 da 62.

10. Gwajin ƙarshe

Goge lambobin laifi, ka mayar da duk abin da ka kwance, ka ɗaure damin waya nesa da salansa da shaf. Ku yi tafiyar da ta kai kilomita goma, ku bi ta kan gargada da gangan, ku karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, kana kallon allura da fitilar ABS. In otomatik ce ka ji giya na shiga lami lafiya. Ka duba lambobin kilomita sun ƙaru daidai da abin da GPS ya ƙirga. In kun dawo, ka sake sa sikana motar na da zafi, domin akwai sensar da ke aiki da sanyi ta yanke in giyabos ya ɗauki zafi. In P0500 ko P0503 ta dawo, ka koma mataki na 5 nan take ka auna kafin ta huce.